Daga Bauchi Zuwa Todra: Yadda Ake Shirya Tafiyar Hawan Dutse Da Abokai

Tun da muka dawo daga Maroko tambaya guda nake amsawa, a majalisarmu ta Fadaman Mada, a wurin aiki, har a wajen ɗaurin aure: yaya kuka yi? Wasu kuɗin suke son ji, wasu maganar biza. Duka zan faɗa, amma ba da su zan fara ba, domin kuɗi da biza ba su ne ke dawo da mutum gida lafiya ba.

Mu huɗu muka je a ƙarshen Oktoban 2024, muka yi kwana tara a kwazazzabon Todra. Akwai Malam, wanda ya girme mu duka, akwai Injiniya, akwai ƙanin matata da muke kira Auta, sai ni. Injiniya ne ya kawo mana wannan harka. Ya koye ta a Malesiya lokacin da yake karatun digiri na biyu, a duwatsun Batu Caves da ke gefen Kuala Lumpur, ya dawo da igiya guda da ɗamarar hawa biyu a ƙasan akwatinsa. Sai da muka shekara biyu muna bin sa daji ranakun Asabar kafin wani a cikinmu ya ambaci jirgi.

Fara da mutane. Igiya guda mutum biyu take ci: mai hawa, da mai riƙo a ƙasa. Saboda haka ku zama biyu, ko huɗu, ko shida. In kuka zama uku, kullum ɗaya na zaune yana kallo. In kuka wuce shida, shawarar inda za a je da safe ma sai ta cinye rabin hantsi. Kuma ba amininka za ka zaɓa ba, wanda hankalinsa ke zama wuri guda za ka zaɓa. Muna da aboki na biyar, tare muka tashi a Jahun, ya fi mu duka ƙarfi da iya hawa. Sau biyu a Dass na gan shi ya saki hannun birki, wato hannun da ke riƙe da igiyar a bayan na'urar riƙo, wadda igiyar ke bi ta cikinta: sau ɗaya don ya duba waya, sau ɗaya don ya kori ƙuda. Ni aka wakilta in gaya masa ba da shi za a je ba. Na je gidansa bayan Isha'i, na faɗa masa dalili ɓaro-ɓaro ba tare da kwana-kwana ba. Ya yi wata biyu ba ya zuwa majalisa. Har yau abin na yi mini ciwo, kuma da za a maimaita, haka zan sake yi.

Sannan ku naɗa shugabanni biyu. Sunna ce matafiya su naɗa ɗayansu amiri, mu Malam muka naɗa, shi ke yanke maganar masauki, abinci, lokacin tashi da rabon gardama. Amma a gindin dutse maganar Injiniya ce ta ƙarshe, ko da kuwa Malam ne ke son wani abu daban. Mun yi wannan yarjejeniya tun a Bauchi, da bakin Malam kansa, don kada a je can a fara jin nauyi.

Atisaye a gida

Mutumin Bauchi ba shi da uzurin cewa ba inda zai koya. Gudum na bakin gari, Zaranda na hanyar Jos, Mbula na tsaye a kan Dass. Har masana duwatsu sun sa wa wani nau'in dutse sunan garin nan, bauchite. Inda muke atisaye babu ƙusa ko guda a jikin dutse, irin wadda ake kafawa don maƙala igiya, don haka igiya daga sama kawai muke yi: a zagaya ta baya a hau da ƙafa, a ɗaure madauri a manyan duwatsu biyu dabam-dabam waɗanda ba sa motsi, a shimfiɗa guntun kafet inda igiya za ta goga kaifi, a jefo ta ƙasa. Kafin ku taɓa kowane dutse ku je gaisuwa wurin mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku ji labarin tsaron wurin daga bakinsa, ku ɗauki yaron gari ya raka ku ku sallame shi da kyau. Shi ya san tsagar da zuma ke ciki. Zuma ta fi maciji haɗari ga mai hawa, domin wanda ke rataye a igiya ba shi da inda zai gudu.

Abu uku za ku maimaita har hannu ya iya su ba tare da tunani ba. Ƙullin takwas, wanda ke haɗa igiya da ɗamara. Riƙon igiya, yadda za ka ja ka saki alhali hannun birki bai bar ta ba ko daƙiƙa guda. Sai kwance kaya a ƙoli, wato in ka kai ƙarshen hanya ka maƙale kanka a sarƙa, ka zura igiyar ta cikin zoben ƙarfe, ka sake ɗaurewa, a sauke ka. Na ukun nan yana kashe har ƙwararru, domin a nan mutum ke taɓa ƙullinsa yana sama. Mu a ƙarfen tagar falon Injiniya muka koye shi, ƙafa a ƙasa, sau ba adadi, wani lokaci da ido a rufe. Ka koyi dokar guda: ba a cire abin da ke riƙe da kai sai ka ɗora nauyinka a kan sabon, ka ji ya riƙe.

Ƙafa ce ke hawa, hannu daidaita jiki kawai yake yi. Dutsenmu na nan mai sulɓi yana koya wannan da kyau, tunda sau da yawa ba abin kamawa, sai ka yarda da tafin takalmi.

Kaya

Igiyar hawa ba igiyar guga ba ce, ba kuma irin ta ɗaure kaya a tashar Muda Lawal ba. An saƙa ta ne ta miƙe kaɗan in mutum ya faɗo, ta sha ƙarfin fizgar maimakon ƙugunsa ya sha. Duba a bakinta za ka ga alamar UIAA ko CE da lamba EN 892. Ƙugiyar ƙarfe da ake kira karabina ita ma an buga mata ƙarfinta a jiki, ta gaske ba ta gaza kN 20, wato ƙarfin ɗaukar kamar tan biyu, a tsawonta in an rufe. Irin da ake sayarwa a kasuwa don rataye makulli kamarsu ɗaya a ido, kada ma ta shiga jakar da kayan hawa ke ciki. Igiya da ɗamara kada ka saye su gwanjo kome arharsu. Ba ka san a ina suka kwana ba, kuma masu yin su kansu sun ce ko ba a taɓa amfani da su ba, shekara goma ce iyakarsu.

Kowane mutum biyu suna buƙatar igiya guda mai mita 70, da tagwayen ƙugiya kamar 16 na maƙalawa a ƙusoshi, da na'urar riƙo. Mu Grigri na kamfanin Petzl muke amfani da shi, mai taimakawa wajen cije igiya in an fizga, amma taimako ne kawai, hannun birki na nan inda yake. Kowa da ɗamararsa, hular kwano, jakar garin alli, da takalmi. Takalmi ba a aiken sa, sai ka sa a ƙafa: ya matse ba tare da ya murƙushe yatsu ba. Decathlon na da shago a Kasablanka da Marrakesh, a bakin Todra kuma akwai masu ba da hayar kaya. Takalmi da hula ka iya haya, amma abin da ranka zai rataya a kai gara naka.

Igiya mai mita 70 ta haura kilo huɗu, ƙarafa ma nauyi gare su, sai a raba su cikin akwatunan da za a auna. Ɗamara da takalmi kuwa su shiga jakar hannu, in akwati ya makara ba ka rasa kwanakinka ba.

Kuɗi da takardu

Adashe muka yi, wata goma sha biyar, Auta ne ma'aji saboda ya fi mu iya rubutu da lissafi. Kuskurenmu shi ne barin kuɗin a naira watannin farko. Mun fara zubi a tsakiyar 2023, daidai lokacin da aka saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Muna gani abin da muka tara ya narke. Daga nan duk zubin wata ranar da ya shigo ake mayar da shi dala. Ku yi haka daga ranar farko. Tikiti zai ci kusan rabin kuɗin. A ware kashi ɗaya cikin biyar a ajiye gefe, ba na tsaraba ba ne, na ranar da wani ya karye ne. Ku kuma yi inshorar tafiya, ku karanta ƙananan rubutun da idonku, domin da yawa sun cire hawan dutse da igiya daga abin da suke biya.

Maroko ta nemi shiga ECOWAS a 2017 amma ba mamba ba ce, saboda haka sai da biza. Ofishin jakadancinta na Abuja. Tun 2022 akwai bizar intanet, sai dai ba kowa ya cancance ta ba, ku duba sharuɗɗanta. Mu mun kai fasfo mai sauran wa'adi sosai, bayanin asusun banki, takardar wurin aiki, shaidar masauki da tikitin dawowa. Ku fara da wata biyu a hannu. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ya kasance cikin fasfo. Ku buga shaidar masauki da tikitin dawowa a takarda kowa ya riƙe nasa: ƙasar hanya ce ta masu neman tsallakawa Sifen, matashi daga Najeriya zai sha tambaya, takarda a hannu tana gajarta ta.

Sai izinin gida. Kada ka ce wa mahaifiyarka yawon buɗe ido za ka. Hajiyata da ta ji Maroko sai ta yi murna, a zatonta ziyarar Shehu Tijjani za mu a Fas. Na zauna a gabanta na buɗe jaka, na ba ta igiyar ta riƙe, na sa ɗamarar, na nuna mata ƙullin. Ta juya igiyar a hannu ta daɗe, sannan ta ce, "Wa zai riƙe maka?" Na ce Auta. Ta ce a kira mata shi. Abin da ta gaya masa a ɗaki ban ji ba, amma bayan nan ta sa albarka.

Hanya

Daga Bauchi muka bi mota zuwa Abuja ta Jos, muka hau jirgi zuwa Legas, daga can Royal Air Maroc kai tsaye zuwa Kasablanka, awa huɗu da wani abu. A 2024 agogonsu ɗaya ne da namu, sai a watan azumi da suka mayar da shi baya da awa guda. A filin jirgin ku canza dirhami, a 2024 dala guda tana ba da kamar goma, ku sayi layin waya na Maroc Telecom ko Orange ko inwi. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarku mai baki uku ba za ta shiga ba sai da adafta. Jirgin ƙasa na tashi daga ƙarƙashin filin jirgin zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan wani ya kai ku Marrakesh cikin kamar awa uku. Ku kwana. Washegari bas ɗin CTM ko Supratours zuwa Tingir, tafiyar yini ce ta kan tsaunukan Atlas. Mashigar Tizi n'Tichka tana mita 2,260 sama da teku, kwana a kan kwana, mai yin amai a mota ya sha magani tun a tasha. Bayan Warzazat ƙasa ta miƙe. Daga Tingir zuwa bakin kwazazzabon kilomita 15 ne a tasin haɗaka, hanya na bin gefen lambunan dabino, zaitun da rumman.

Ku kama masauki a ƙauyukan bakin kwazazzabon, inda za ku taka da ƙafa zuwa dutse, ku yi ciniki har da karin kumallo da abincin dare. Ciniki irin namu suke yi, ba a jin haushin tayi.

A gindin dutse

Gani ya kori ji. Wurin da ya fi matsewa faɗinsa bai fi mita goma ba, bango ja-ja ya miƙe dama da hagu har wajen mita 160, ƙoramar ruwa mai sanyi na gudu a tsakiya. Hanyoyin hawa ɗaruruwa ne, an kafa musu ƙusoshi. Dutsen farar ƙasa ne, ba irin namu ba: ramuka da kaifi ko'ina, abin kamawa a wadace, amma yana cin fatar yatsu kamar magagari. Ku yi kwana biyu kuna hawa, na uku ku huta, in ba haka ba ranar huɗu ko kofin shayi ba za ka iya riƙewa ba. Ku yanke farce, ku zo da filasta ta naɗe yatsu, a cire ta kafin alwala.

Kwana biyun farko ku ɗauki ɗan jagora na garin, ko da kuna ganin kun iya. Shi ya san hanyar da ƙusoshinta suka tsufa, da wadda aka sabunta, da wadda ƙusar farko ba ta nan. Ku sayi littafin hanyoyi a wurin. Ma'aunin wuya na Faransa suke bi: 4, sai 5a, 5b, 5c, sai 6a, haka har 9c, wadda ita ce ƙololuwa a duniya yau. Fara da matakin da ke ƙasa da wanda ka saba. Mu a Plage Mansour muka fara, daga baya muka shiga Petite Gorge. Injiniya ya taɓa 6b, ni 5c ce iyakata kuma na ji daɗinta ƙwarai. Dogayen hanyoyi masu zango-zango irin Pilier du Couchant mun tsaya mun kalle su, muka bar su. Aiki ne daban da ba mu koya ba, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Oktoba da Nuwamba, ko Maris zuwa Mayu, su ne lokacin zuwa. Lokacin da muka je, rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi a ƙarshen Oktoba, iskar safe a cikin kwazazzabon ta fi hunturun Jos cizo. Da safe a bi bangon da rana ta haska, da azahar a koma inuwa. Hular kwano ba ta sauka daga kai, mai hawa da mai riƙo duka, domin awakin makiyaya na yawo a can sama suna turo tsakuwa. In kuka ga hadari ya haɗu a kan tsaunuka, ku bar bakin ƙorama ko ɗigo bai sauka inda kuke ba. Mun san halin kwari a damina, nasu ya fi namu gaggawa. A Satumban 2024, makonni kaɗan kafin zuwanmu, ambaliya ta yi ɓarna a kudu maso gabashin ƙasar har da asarar rayuka.

Ku tsayar da kalmomin kira tun daga gida, gajeru, waɗanda ba su yi kama da juna ba. Namu su ne: na ɗaure, na riƙe ka, ja, saki, sauke ni, dutse. Ana haɗawa da sunan wanda ake kira, domin ƙarar ruwa, motocin baƙi da amsa-kuwwar bango suna haɗiye magana.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka. Mu mutane ne masu kara. Ba ka duba aikin na gaba da kai, ba ka ce wa malaminka ya yi kuskure a gaban mutane. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ita ke riƙe da zumuncinmu, amma a gindin dutse tana iya kashe mutum. Kafin kowane hawa, mai riƙo zai kama ƙullin mai hawa da hannunsa, ya bi layukan igiyar ya ga sun tafi bibbiyu, ya ja bakin ɗamara ya ga ta kulle. Mai hawa kuma ya duba na'urar mai riƙo, ya ga igiya ta shiga ta daidai, ya matsa karabina ya ji a kulle take, ya ga ƙulli a wutsiyar igiya. Da hannu ake yi, ba da ido daga nesa ba, kuma kowane hawa, ko na goma ne a ranar.

Rana ta biyar Malam na cikin ɗaura ƙullinsa sai wani dattijo mai jaki ya zo wucewa ya yi sallama. Malam ya saki igiyar, ya ba shi hannu, suka gaisa da Larabci har da tambayar iyali. Dattijo ya wuce, Malam ya shafa alli, ya ɗora ƙafa a dutse. Auta ne zai riƙe masa, kuma Malam ne ya koyar da Auta a Islamiyya tun yana ɗan shekara bakwai. Ina kusa, na ga idon yaron ya sauka kan ɗamarar ya ɗauke, ya sake sauka. Bakinsa ya motsa ba sauti. Malam ya riga ya ɗaga ƙafa ta biyu sannan Auta ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan sauko in ga ƙullin." Malam ya sauko. Igiyar ta shiga ɗamara, amma rabin takwas ɗin kawai aka bi, wutsiyar na lilo. Da ya kai ƙoli ya jingina a kanta, zare kanta za ta yi. Malam ya kalli ƙullin, ya kalli Auta, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Gobe kada ka jira in ɗaga ƙafa." Ya kwance ya sake daga farko, hannunsa na ɗan rawa.

Wannan ba kuskuren 'yan koyo kaɗai ba ne. Lynn Hill ta Amurka, wadda ke cikin gwanayen duniya, ta faɗo fiye da mita 20 a Buoux ta Faransa a 1989 saboda hankalinta ya ɗauke ba ta ƙarasa ƙulli ba, Allah ya yi da sauran kwananta. A daren nan Malam da kansa ya kafa mana doka: wanda ya fara ƙulli ba ya magana, ba a yi masa magana, sai ya gama. In an yi sallama, amsawa farilla ce da in ɗaya ya ɗauka ta faɗi a kan saura, wanda hannunsa ba kome ya amsa wa kowa.

Na biyu ni ya faru da shi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a Todra bai sani ba. Bangon ya yi girman da hanyar mita 33 sai ka ɗauka 25 ce. Lissafin kuwa ba ya canzawa: igiya sai ta ninka tsawon hanya, mita 70 na sauke mutum daga 35, mita 60 daga 30 kawai. Ranar da tsohuwar igiyar Injiniya mai mita 60 muka hau, ba mu duba littafi ba. Auta na sauke ni, ina kallon lambuna a ƙasa, sai na ji na tsaya cik. Saura kamar tsayin ɗaki da rabi in taɓa ƙasa, kuma ƙasan duwatsu ne. Na leƙa, na ga ƙullin wutsiyar igiya ya cije a bakin na'urar da ke hannun Auta. Ba don wannan ƙulli ba, da igiyar ta sulale ta cikin hannunsa. Na maƙale kaina a ƙusa mafi kusa, Injiniya ya hau da ɗaya igiyar ya same ni, aka sauke ni a kanta. Ƙullin nan daƙiƙa biyar ake ɗaure shi. Ku kuma san alamar tsakiyar igiyarku: in ta wuce ta hannun mai riƙo alhali mai hawa bai kai ƙoli ba, a faɗa masa nan take.

Kada ku sa rai da jirgin ceto. Ku san lambar mai masaukinku da ta direban tasi guda, ku riƙe akwatin agajin gaggawa, kuma in mutum ya ce yau jikinsa bai ba shi ba, a bar shi ya yi riƙo ko ya zauna, ba zolaya.

Ci da ibada ba su ba mu wahala ba. Burodi ne safe, rana da dare, da tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu a kaskon ƙasa, da shayin na'ana'a mai sukari, ranar Juma'a kuskus. Ba su cin yaji irin namu, ku zo da garin yajinku da ƙuli-ƙuli. Kilishi ku bar shi gida, nama ba ya son bakin iyaka. Mutanen wurin Amazigh ne, suna jin Larabcinsu na Darija da Faransanci, Larabcin littafi na Malam ya fitar da mu ko'ina. Malikawa ne kamar mu, kuma da ruwayar Warshu suke karatu. Bayan Magariba suna zama da'ira su karanta hizbi guda da murya ɗaya. Daren farko Malam ya zauna a gefe, kafin a yi nisa na ji muryarsa a ciki, karatun allon da ya yi tun yana yaro ne bai canza ba. Daga ranar limamin ke matsa masa wuri kusa da shi.

In kun dawo, a wanke igiya da ruwa zalla a baho, a shanya ta a inuwa, kada rana ta gan ta. A bi ta da yatsu daga baki zuwa baki, inda aka ji laushi ko kumburi a yanke daga nan, a rubuta sabon tsawon a jikinta. Wurin ajiya shi ne abin lura a gidajenmu: kada ta kusanci batirin sola ko na mota, domin ruwan batir na cinye zarenta ta ciki ba tare da alama a waje ba, kada ta kwana a but ɗin mota ko kusa da jarkar fetur ɗin janareta. Tamu tana cikin akwatin ƙarfe mai murfi a saman sif, saboda ɓera. Mai mita 60 kuwa Injiniya ya rubuta mata lambarta da babban baƙi a baki biyu, ta koma aikin Asabar a Dass, inda bangon da muke hawa bai kai mita 20 ba.